Bikin Zagayowar Ranar Haihuwa

Bikin zagayowar ranar haihuwa taro ne da ake yi duk shekara a ranar da aka haifi mutum. Al'adar daɗaɗɗa ce. Herodotus, masanin tarihi na Girka, ya rubuta a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa cewa Farisawa sun fi girmama wannan rana a kan sauran ranaku, har attajiransu kan gasa sa ko raƙumi sukutum.

A sansanin sojan Rum na Vindolanda, arewacin Ingila, an tono wasiƙa a kan siririn allon katako, ta wajajen shekara ta 100 miladiyya. A ciki Claudia Severa na gayyatar ƙawarta Sulpicia Lepidina bikinta, ranar 11 ga Satumba. Wasiƙar tana cikin tsofaffin rubuce-rubucen Latin da mace ta sa hannunta.

A adabi, marubuci Tolkien ya buɗe littafinsa na 1954 da bikin cikar Bilbo, ɗaya daga cikin mutanen labarin, shekara 111.

A da can, Hausawa ba su da wannan biki. Sunan yaro ne ke riƙe ranar makon da aka haife shi, kamar Asabe, Talatu da Ɗanladi. Yankan kek kuwa baƙon abu ne da ya fi yawa a birane.