Birnin Kano Daga Kan Dala: Abin Da Hotuna Suka Riƙe

Littafin Tarihin Kano ya ƙididdige sarakuna tun daga Bagauda, ya faɗi shekarun kowa da yaƙe-yaƙensa. A ciki ne a ke samun labarin Sarki Gijimasu wanda ya fara ginin ganuwa, da Muhammadu Rumfa wanda ya ƙara mata faɗi. Amma malaman da suka rubuta shi ba su tsaya bayyana kamannin garin ba, watau inda gidaje suka tsaya, da inda gonaki suka fara, da inda ruwa ya ke kwanciya da damina. Ba laifinsu ba ne, don ba mai ɓata tawada a kan abin da kowa ya ke gani kullum. Wanda ya ke son sanin wannan sai ya nemi hotuna.

Tsohon hoton Kano wanda ya fi shahara da hannu aka zana shi. Cikin watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Dabo, wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya sauka a birni. Ya hau dutsen Dala da takarda da fensir, ya zana abin da idonsa ya hango: soraye da ɗakunan ciyawa a gauraye, da itatuwan dabino da gwanda, da ruwan Jakara a tsakiyar gari. Ya kimanta mutanen birni dubu talatin, ya ce lokacin da ayarori suka taru su kan kai dubu sittin. Tun kafinsa, a 1824, Clapperton ya ce gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ganuwa ta kewaye ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Sarakunan da sun bar wannan fili da gangan, domin in abokan gaba suka kewaye gari a sami wurin noma da kiwo, da inda mutanen ƙauye za su fake.

Sai dai zane na hannu yana da aibi guda. Da Barth ya koma gida, wani mai zane na ƙasar Jamus wanda bai taɓa zuwa Kano ba shi ya gyara hoton kafin a buga shi cikin littafi. Abin da ya bi ta hannun mutum biyu kuwa ba a rasa ƙari ko ragi a cikinsa.

A ƙasar Faransa aka bayyana dabarar ɗaukan hoto da akwati a 1839, amma hotunan Kano ba su yawaita ba sai bayan da Turawan Ingila suka shigo ta Ƙofar Kabuga ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai 'yan kasuwa da masu yawon ganin ƙasa suka ƙaru, da yawansu da akwatin hoto. Abin da ya ba baƙo mamaki shi ya ke ɗauka. Saboda haka hotunan wannan zamani cike su ke da ƙofofin gari, da Sarki da dogarai, da hawan Salla, da kasuwar Kurmi, da marinar Ƙofar Mata. Cikin gida kuwa, inda mata su ke daka da kaɗi da saƙa, baƙo ba ya wuce zaure, don haka rabin zaman mutanen birni bai shiga akwatin ba.

Ran 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a Kano daga Masar. Bayan shekara biyar, tsakanin ƙarshen 1930 da farkon 1931, wani matuƙin jirgi mutumin ƙasar Suwizalan, sunansa Mittelholzer, ya biyo ta Kano cikin tafiyarsa ta zuwa Tafkin Cadi, ya ɗauki birnin daga sama. Hotunansa suna nan ajiye a wani ɗakin littattafai na birnin Zurich, an kuwa sa su a intanet, kowa na iya gani. Hoton sama ba ya zaɓe kamar yadda mai tsaye a ƙasa ya ke yi. Duk abin da ke ƙarƙashin jirgi ya shiga, da gidan Sarki da bayan gidan talaka. Nan ne aka sami abin da ba wanda ya yi niyyar ɗauka, watau kududdufai, ga su nan warwatse tsakanin unguwanni kamar an yayyafa.

Dalilin kududdufan nan shi ne gini. Duk wanda zai gina soro sai ya haƙa ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a yi tubali, a shimfiɗa azara, a yi yaɓe. Ko bayan an gama, kowace shekara in ruwa ya ɗauke sai an sake yaɓe, sai an sake haƙa. Ramin da aka bari shi ke zama kududdufi. Ashe kowane soro da ke tsaye yana da raminsa a wani wuri kusa. Ba a musun cewa kududdufi matattarar sauro ne, da wari da bazara, har ya kan ci yara. Amma yana da wani aiki da ba a lura da shi ba sai da ya tafi: in aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, can ruwan unguwa ya ke gangarawa ya kwanta.

Da bulo na siminti da kwanon rufi suka shigo, aka rage haƙan ƙasa. Mutane suka yawaita, fili ya yi tsada, sai aka riƙa cike kududdufai da shara ana gini a kai. Ba rana ɗaya aka yi wannan ba. Bana a ci gefe, baɗi a ƙara, har yaron da aka haifa a unguwar ya girma bai san ruwa ya taɓa kwanciya ƙarƙashin ɗakinsa ba. Shi ruwa bai manta ba, kowace damina sai ya zo neman wurinsa.

Haka ganuwa ta yi. Da, in damina ta wuce, a kan yi gayya a gyara inda ruwa ya zaizaye. Da yaƙi ya ƙare aka bar gyara, masu gini suka riƙa ɗibar ƙasarta, aka fasa ta don hanyar mota. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi. Wanda ya ga tsoffin hotunan da ke Gidan Makama, sa'an nan ya je ya tsaya bakin abin da ya rage na badala, zai ga tudu ne kawai wanda awaki ke hawa.

Dalar gyaɗa ita ce aka fi ɗauka a hoto, don tana da tsawo, ga ban sha'awa. Buhuna ne aka tara saboda jirgin ƙasa bai iya kwashe su da sauri zuwa Ikko ba, sunan Alhaji Alhasan Ɗantata kuwa ya shahara a wannan ciniki. Farin da aka yi a 1972 zuwa 1974, da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur, suka tafi da ita cikin 'yan shekaru. Wannan kowa ya gani, kowa ya yi zancensa.

Ba kullum hoto ke kawo labarin hasara ba. Mutane sun daɗe suna cewa masu itacen wuta sun gama da itatuwan ƙasar Kano. Waɗansu malamai, cikinsu har da Michael Mortimore wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, suka ɗauko hotunan sama na shekaru dabam-dabam suka jera, suka ƙirga itatuwan gonakin da ke kewaye da birni. Cikin littafin da suka fitar a 1990 suka nuna itatuwan ba su ragu ba, ko da ya ke an sha fari. Manomi ba ya sare ɗorawarsa ko tsamiyarsa ko gawonsa daga tushe, reshe ya ke sassabewa. Itacen da a ke ƙonawa a birni, mafi yawansa daga dazuzzuka masu nisa motoci ke kawo shi, can ne ɓarnar ta ke.

Yau an yi wa Dala matakala ta siminti, samari kuma su kan hau da wayar hannu mai ɗaukan hoto. Wanda ya hau da zanen Barth a hannu ya tsaya inda ya tsaya, zai hango koriyar ƙubbar babban masallacin da aka gama a 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kwanon rufi yana ƙyalli ta kowace fuska. Filin noman da ke tsakanin Dala da Goron Dutse gidaje sun cinye shi har gindin dutse. Jakara kuwa an yi mata magudana ta siminti, an shimfiɗa titi a kan wani sashe nata, motoci na bi.