DAGA MAJIGI ZUWA MADANNI: YADDA MAI KALLO YA SAMU BAKIN MAGANA



Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin taro a Mubi ya san wannan yanayi. Mai jawabi ya kai shafi na 30 a majigi, sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, koma mana kan lissafin nan na ɗazu." Sai a shiga danna baya, shafuka suna ta wucewa, har dattijon ya gaji ya ce a bar shi kawai. Wani mai jawabin kuwa, 'yar alama ɗaya zai taɓa a gefen allo, sai ga lissafin ya bayyana. Wannan 'yar alama tana da tarihi, kuma tarihin ya shafe mu.

Kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan wata fitilar nuna hotuna ta Turawa. A 1939 Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da aikin. Mota ce ke zuwa gari da injin wuta, a kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, a nuna tsafta, rigakafi, rangadin Sardauna, ko fim irin Baban Larai mai koyar da noman zamani. Mai sharhi yana riƙe da lasifika, jama'a suna zaune a ƙasa. Abin da ya wuce ya wuce, babu mai cewa a dawo da shi.

A farkon shekarun 1960 kamfanin Kodak ya fito da majigi mai suna Carousel, wanda faifansa ke ɗaukar hotuna 80. An samu madannin gaba da na baya, amma har lokacin jeri ɗaya ake bi, kamar shanu a burtali.

Tunanin tsallake jeri daga wajen masana kwamfuta ya fito. A 1945 Vannevar Bush na Amurka ya yi rubutu kan na'urar da za ta ƙulla takarda da takarda. Ranar 9 ga Disamba 1968 Douglas Engelbart ya nuna wa jama'a a San Francisco yadda ake danna kalma a allo ta kai mutum wani rubutu. A 1987 Bill Atkinson na kamfanin Apple ya fitar da HyperCard, manhajar da kowa zai iya jera katuna a cikinta ya ɗora musu madannai.

A shekarar ce kuma Robert Gaskins da Dennis Austin suka fitar da PowerPoint na farko. Baƙi da fari ne, kuma aikinsa shirya shafukan da za a buga a farar leda a haska a bango. Cikin 'yan watanni Microsoft ta saye kamfaninsu a kan dala miliyan 14. Bayan intanet ta saba wa mutane da danna mahaɗi, PowerPoint 97 ya zo da mahaɗai da madannai shiryayyu: kibiyar gaba da ta baya irin na rediyo mai kaset, da hoton ɗan gida mai mayar da mutum shafin farko.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Mubi an kafa ta ne a 1979, zamanin alli da allo da tafireta. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, aka kafa Jami'ar Jihar Adamawa a 2002, sannu a hankali shagunan kwamfuta suka yawaita a kewayen makarantun. Yau ɗalibanmu da majigi suke kare aikin bincikensu na ƙarshe. Sai dai da yawanmu mun karɓi sabuwar na'ura da tsohuwar ɗabi'a: mu jera shafuka, mu karanta, mu sauka.

Alhali dabarar ba baƙuwa ba ce a gare mu. Littattafan malamanmu na rubutun hannu ba a ɗinke su, warƙa-warƙa suke a cikin gafaka. Domin kada su rikice, marubuci kan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta. A gefen shafi kuma akwai zayyanar da ke nuna izu, da sharhin da aka ƙulla da kalmarsa ta hanyar 'yar alama. Almajiri ya tambaya, malam ya buɗe daidai wurin. Aikin da mahaɗi yake yi ke nan.

Yin sa ba wuya. Ka ware shafi na biyu ya zama jerin batutuwa. Ka zaɓi kowane batu, ka danna Ctrl da K, ka haɗa shi da shafinsa a cikin fayil ɗin. A kusurwar kowane shafi ka sa madannin komawa jerin. Ko ba ka shirya komai ba, lokacin nunawa ka rubuta lambar shafi ka danna Enter, zai kai ka can.

Abu ɗaya za a kiyaye: mahaɗi ba ya fin abin da yake nunawa. Wanda ke zuwa intanet yakan ba da kunya ranar da sabis ya ɗauke, don haka gara a sa hoton rasit ko takardar a cikin shafukan kansu. Mu da muka bar gidajenmu a ƙarshen Oktoban 2014, muka dawo muka tarar da takardu da yawa sun salwanta, ba sai an gaya mana darajar ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya ba.

Saboda haka muna kira ga ma'ajin kowace ƙungiya da sakatarenta: ranar taron shekara, kowane adadi ya zo da madannin da zai kai mu ga rasit ɗinsa. Kakanninmu sun kalli majigi ba su da ikon cewa a koma baya. Mu muna da shi, kuma idan dattijo ya ɗaga hannu, hakkinsa ne a nuna masa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.