Amsar Wasiƙunku: Tarihin Ruwan Goge Fuska, Daga Kanwar Misirawa Zuwa Kwalbar Kanti

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wata baiwar Allah mai sauraronmu a ƙasar Katsina, wadda ta ce tana saro kayan kwalliya daga Kano tana kaiwa kasuwannin ƙauye. Ta ce 'yan mata sun dame ta da neman wani ruwa na cikin 'yar kwalba, wanda ake ɗigawa a auduga a goge fuska da shi, wai yana rufe ƙofofin gashi, yana kuma sa fata ta yi sumul. Tana so a ba ta tarihinsa, a kuma gaya mata tsakani da Allah: in ta zuba jarinta a ciki, gyara za ta sayar wa 'ya'yan mutane ko cuta?

To Hajiya, mun gode da wannan tambaya, Allah Ya yi wa kasuwa albarka. Shi wannan ruwa Turawa na ce masa tona. Ba tonon rami ba ne, ba kuma tonon asiri ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Amma kafin mu shiga tarihinsa, bari mu fara da ita fatar kanta, don in ba a san ta ba, ba za a gane aikin ruwan ba.

Fatar ɗan Adam kullum cikin saɓa take. Bambancinmu da maciji shi ne, shi yana tuɓe tasa gaba ɗaya ya bar ta a gona, mu kuwa tamu tana zuba ne kaɗan-kaɗan ba mu sani ba. Sabuwar fata tana tasowa daga ƙasa, kuma ga matashi takan ɗauki kamar mako 4 kafin ta iso sama ta mutu ta kaɗe. In shekaru suka ja, sai abin ya riƙa jinkiri. Wannan furu-furun da kike gani a ƙwaurin yara lokacin hunturu, ai ita ce matacciyar fatar. A fuska kuwa, in ta haɗu da maiƙo sai ta cushe ƙofofin gashi, su yi baƙi, su yi kamar sun ƙara faɗi, wani lokaci kuma ƙuraje su fito. Hanyar raba mutum da ita biyu ce tun fil azal: ko dai a cuɗe ta da wani abu mai kaushi, kamar yadda ake yi wa kaushin ƙafa da dutse, ko kuma a shafa wani abu mai tsami da zai sassauta ta ta saki da kanta.

Misirawan zamanin Fir'auna sun san ta farko sarai. Akwai wata doguwar takardar magani da aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wadda tsawonta ya kai kusan mita 20. Wani Bajamushe mai suna Georg Ebers ya saye ta a garin Luksor wajen 1873, kuma tana ajiye a jami'ar Leipzig ta ƙasar Jamus. A cikinta akwai haɗin gyaran fata: zuma, da gishiri, da kanwa, da garin wani farin dutse mai laushi, a kwaɓa a cuɗa jiki. Kin ji fa, kanwa. Wato abin da muke jefawa a miyar kuka, da irinsa matan Misira suke gyaran jiki shekara fiye da 3,500 da suka wuce.

Hanya ta biyu kuma ta fara ne da madara. Labarin da ya fi yawo shi ne na Sarauniya Kiliyofatara ta Misira, wai da nonon jakai take wanka. To amma wadda marubutan da suka rubuta labarinta ƙarara ita ce Poppaea, matar Sarkin Rum Nero. Wani malaminsu mai suna Pliny ya rubuta cewa duk inda za ta, da jakai mata 500 ake bin ta, don a tatsa a cika mata kwamin wanka. Ku dubi ɓarna, jama'a! Sai dai matar ba ta yi wauta gaba ɗaya ba. A shekarar 1780 wani masanin haɗa magunguna na ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya ware sinadarin da ke sa nono ya yi tsami, wanda yau ake kira laktik asid. Shi ne dai ke cikin kindirmon da Fulani ke kawo mana, kuma yana cikin abubuwan da ake zubawa a tona ta yanzu.

Ba kowane gyara ne ya zo da alheri ba. A ƙarni na 16 zuwa na 18, matan manya a Turai sun rungumi wata farar hoda da ake yi da dalma da ruwan khal, don su ɓoye zanen agana su kuma ƙara fari. Hodar takan ci fata, sai mace ta ƙara laftawa don ta rufe ɓarnar, a haka gubar ke shiga jiki. Wata kyakkyawa da ta yi suna a Ingila, Maria Gunning, ta rasu a 1760, kuma mutanen zamaninta kwalliyar suka ɗora wa laifi. Riƙe wannan labari, Hajiya, za mu dawo kansa.

Shi ruwan shafawa bayan wanke fuska, kakansa shi ne ruwan wardi, wanda Farisawa da Larabawa suka ƙware wajen tatsa ta hanyar tururi, daga wurinsu kuma ya shiga Turai. A Amurka, wani mai sayar da magani, Theron Pond, ya koyi amfani da ɓawon wani ɗan itace daga 'yan asalin ƙasar, ya fara sayar da ruwansa a kwalba a 1846. Daga nan sunan Pond's ya samo asali. Dalilin da ya sa irin wannan ruwa ya karɓu shi ne, sabulun da yana da kaifi ƙwarai, yakan bar dauɗarsa a fuska, don haka ake bin sa da wani abu a share. Yawancin tona ta wancan lokaci cike take da sinadarin barasa, irin wanda ake goge wurin allura da shi a asibiti. In an shafa sai a ji sanyi, fata ta ɗaure tamau, mutum ya ɗauka magani ne ke aiki, alhali bushewa ce kawai.

Ana cikin haka sai likitoci suka shigo. A 1763 wani limamin coci a Ingila, Edward Stone, ya ba da rahoton cewa ɓawon itacen wilo, wanda ke fitowa a bakin rafi a ƙasashen sanyi, yana sauke zazzaɓi. A 1838 wani ɗan Italiya, Raffaele Piria, ya fitar da sinadarin salisilik asid daga abin da ke cikin ɓawon, kuma wajen 1860 Bajamushe Hermann Kolbe ya gano yadda za a haɗa shi ba tare da an sare itace ba. Daga wannan sinadari ne kamfanin Bayer ya yi asfirin a 1897, wato ƙwayar ciwon kai da tonar ƙuraje 'yan gida ɗaya ne. Wanda ya ja hankalin likitoci ga aikinsa a fata shi ne Paul Gerson Unna na birnin Hambug, wanda a 1882 ya bayyana yadda yake saɓule matacciyar fata. Abin da ya fifita salisilik shi ne yana narkewa cikin maiƙo, saboda haka yana iya kutsawa cikin ƙofar gashi ya kwance abin da ya cushe ta.

Amma babban juyin ya zo ne a 1974, kuma ba don kwalliya aka yi shi ba. Wasu masana biyu a jami'ar Temple da ke Filadelfiya a Amurka, Dokta Eugene Van Scott da Dokta Ruey Yu, suna neman magani ne ga masu wata cutar gado da ke sa fata ta yi kauri ta tsattsage kamar ɓawon kifi. Sun gwada sinadarai fiye da 60, sai suka tarar cewa wani dangi na masu tsami, irin waɗanda ake samu a rake da nono da lemon tsami da tsamiya, su ne ke sa ɓawon ya saki ba tare da an ƙona fata ba. Na rake, wanda ake kira gilaikolik asid, shi ya fi saurin shiga fata domin shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu. Ko da yake kada manoman rake na Maƙarfi su fara lissafin riba, wanda ke cikin kwalba a masana'anta ake haɗa shi. 'Yan kasuwa ba su yi barci ba. A 1992 kamfanin Avon ya fito da man shafawa mai wannan sinadari ga kowa da kowa, sauran kamfanoni suka bi sahu, daga man shafawa kuma aka koma ruwa. Tonar da ake tambayarki, Hajiya, jikar wannan bincike ce.

Mu ma nan ba baƙin gyaran jiki ba ne. Dilka da halawa da ake yi wa amare sun zo mana ne daga Sudan ta hanyar Chadi da Barno. Dilka cuɗa ce, irin ta Misirawa, halawa kuma sukari ne da lemon tsami da ake dafawa don cire gashi, takan kuma tafi da matacciyar fata. Kin ga ashe ba sabon abu Bature ya kawo ba, awo ya kawo, ya san ko kashi nawa ya zuba.

To yanzu ga gaskiyar da kika nema. Ƙofar gashi ba ƙofar ɗaki ba ce da za a buɗe a rufe. Girmanta gado ne, sai kuma yawan maiƙo, da shekaru, da dukan rana. Babu ruwan da zai rufe ta, kuma da za ta rufu da an shiga uku, domin ta nan maiƙon da ke kare fata yake fitowa. Abin da tona mai kyau ke yi shi ne ta share cushewar, sai ƙofar ta yi kamar ta ragu, fata ta yi laushi. Wannan yana ɗaukar makonni, kuma in an daina, abin yakan koma yadda yake. Duk kwalbar da ta yi alkawarin kwana 3, ƙarya take yi ko kuma akwai mugun abu a ciki.

Akwai kuma maganar rana, wadda ta shafi mutanenmu na karkara fiye da kowa. Bayan ƙorafe-ƙorafe sun yi yawa a shekarun 1990, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa an yi gwaji, aka tarar cewa bayan mako 4 ana shafa gilaikolik, saurin ƙonewar fata a rana ya ƙaru da kashi 18 cikin 100, kuma yakan lafa cikin mako guda bayan an daina. A 2005 ta shawarci kamfanoni su rubuta gargaɗin rana a jikin kwalba. Masana sun tsayar da cewa na amfanin gida kada ya wuce kashi 10 cikin 100, na salisilik kuwa daga rabin kashi zuwa kashi 2. Baƙar fata irin tamu, in ta ji ciwo ko ta ƙone, tabo baƙi take bari, wanda kan yi watanni bai gushe ba. Don haka yarinyar da ke wuni a gona ko a bakin kasuwa ba rumfa, in ta shafa wannan ruwa da safe ta fita, tana neman sumul ne ta dawo da dabbare-dabbare. Da dare ake shafawa, sau 2 ko 3 a mako, a kan fatar da ba rauni, bayan an gwada kaɗan a bayan kunne an kwana an gani. Wadda jikinta ba ya shiri da asfirin ta nisanci salisilik, mai juna biyu ta tambaya a asibiti tukuna, yara ƙanana kuwa ba nasu ba ne sam. Masu matsa lemon tsami tsagwaronsa a fuska su fita rana, su ma ƙuna suke saya.

Mu koma ga hodar dalma. Magajinta a yau shi ne man bilicin, kuma haɗarin da ke gabanki shi ne ana ɗura irinsa a kwalba a rubuta tona. Ita tona ta gaskiya ba ta canza wa mutum launin da Allah Ya ba shi. Masu sa fari abu uku suka fi zubawa. Na farko zaiba, wadda tun 1972 likitoci a Nairobi suka danganta da ciwon ƙoda a jikin matan da ke shafa ta. Na biyu haidurokwinon, wanda a 1975 likitoci a Afirka ta Kudu suka nuna cewa in an daɗe ana shafawa yakan mai da kumatu baƙi ƙirin, baƙin da ke da wuyar magani. Na uku magungunan kumburi masu ƙarfi na asibiti, waɗanda ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, rauni kuma ya ƙi warkewa. Tarayyar Turai ta hana haidurokwinon a kayan kwalliya tun 2001, Ghana ta bi a 2016. Ita kuwa zaiba, ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniyar Minamata a kanta a 2013, sannan a taronsu na 2023 a Janiba suka amince a daina yin duk wani kayan kwalliya mai zaiba da cinikinsa tsakanin ƙasashe bayan 2025.

Saboda haka in kin je sari, ki duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don irin wannan aiki, ki duba sunan kamfani da adireshinsa, da ranar lalacewa, da jerin abin da aka zuba. In ba ki karanta boko, ki tafi da ɗa ko ƙane ya karanta miki kafin ki ƙirga kuɗi. Wanda aka haɗa a gida aka ɗura a gorar ruwa ba suna ba lamba, ko da rabin kuɗi aka ba ki, ki bar wa mai shi kayansa.