Sandar keke: daga miƙaƙƙiyar Rali zuwa karkatacciyar zamani

A rumfar mai gyaran keke a Jega ko Aliero, yanzu kekuna iri biyu ake jinginewa. Akwai baƙin keken nan na iyaye da kakanni, wanda ƙarfensa na sama, mai haɗa gindin sirdi da wuyan keke, yake miƙe sambal. Akwai kuma kekunan gwanjo masu giya da samari ke yayi, waɗanda sandarsu ta gangaro daga gaba zuwa baya. Da yawa suna ɗauka ado ne kawai ya raba su. Tarihin abin ya nuna ba haka ba ne.

Keke mai ƙafa biyu daidai da juna, da sarƙa mai juya tayar baya, ya samu karɓuwa ne daga 1885, lokacin da John Kemp Starley ya fito da samfurinsa mai suna Rover a birnin Coventry na Ingila. A 1888 John Dunlop ya ƙara masa tayar iska. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, maƙera sun tsaya a kan siffa guda: ƙarafa da aka haɗa suka ba da kusurwa uku a gaba, wata kusurwa uku a baya. Kamfanin Raleigh na Nottingham, wanda Frank Bowden ya ɗaukaka, shi ya baza wannan siffa cikin ƙasashen da Ingila ta mallaka, har Rali ya zama sunan da Bahaushe ke kiran keken kirki da shi.

Miƙewar sandar nan tana da dalili na ƙira. A wancan zamani bututun ƙarfe ake zurawa cikin wasu mahaɗai da aka riga aka zuba, sannan a like su da narkakkiyar tagulla. Mahaɗan suna zuwa da kusurwarsu a ƙayyade, kuma masu yin su sun saba da sanda miƙaƙƙiya. Don haka idan mutum dogo ne, sai a ƙera masa babban keke dungurungum. Gajere kuma a yi masa ƙarami. Haka aka yi ta tafiya kusan shekara ɗari, daga keken ɗan aike har zuwa na masu tseren Tour de France.

Da keken ya iso ƙasar Gwandu, sai sandar ta samu aikin da maƙeranta ba su yi tunaninsa ba. Malamin makaranta da ma'aikacin En'e da ɗan kasuwa su suka fara hawa, a zamanin da keke ma sai da lasin. Daga baya ya gangaro hannun manomi, musamman bayan Raleigh ya buɗe masana'anta a Kano, kuma kekunan Phoenix na Sin da Hero na Indiya, masu tayar inci 28 da birkin ƙarfe, suka shigo da sauƙin kuɗi. A ƙauyuka irin Danwarai, wannan fili da ke ƙarƙashin sanda wurin kaya ne. Nan ake cusa buhun albasa ko na gero, a ɗora wani a kariya, mai keke ya sauka ya riƙe kai da hannu ɗaya, ya dafa sirdi da ɗaya, ya yi ta turawa cikin yashi har bakin kwalta. A kan sandar ake rataya jarkoki biyu, dama da hagu, su daidaita nauyin juna. A kanta ake ɗaure fartanya da igiyar roba. A kanta uba ke naɗa tsumma ya zaunar da ɗansa zuwa makarantar allo ko wurin mai ɗori a Aliero. Masu ƙera keke a Sin da Indiya sun gane haka, shi ya sa suke fito da wasu masu sanda biyu, ɗaya bisa ɗaya, domin masu dakon kaya.

Amma sandar tana da nata zalunci. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ba, dole ya zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashinta, ya karkatar da keken gefe guda, ya maƙale yana taka rabin feda. Haka mafi yawan yaran karkara suka koyi tuƙi, da ƙujewar gwiwa da ta idon sawu. Dattijo mai babbar riga sai ya tattare ta kafin ya ɗaga ƙafa ta bayan sirdi. Mace mai zane kuwa ba ta da hanya, sai in an samo mata keken mata, wanda aka sauke masa sanda tun a Turai saboda dogayen tufafi.

Canjin zuwa karkatacciyar sanda ya fara ne daga kan duwatsu. A ƙarshen shekarun 1970 wasu matasa a jihar Kaliforniya ta Amurka suka fara tseren gangaren tsauni, kuma mai hawa irin wannan wuri yana buƙatar sarari tsakaninsa da ƙarfe idan ya diro ba shiri. Da aka koma haɗa bututu da walda kai tsaye, ba tare da mahaɗan nan ba, maƙeri ya samu 'yancin karkata sanda yadda ya ga dama. Wanda ya kai wannan dabara ga keken tseren kwalta shi ne Mike Burrows, Baturen Ingila da ya zana keken Lotus wanda Chris Boardman ya ci zinare da shi a wasannin Olamfik na Basalona a 1992. Kamfanin Giant na Taiwan ya ɗauki Burrows aiki, a tsakiyar shekarun 1990 suka fito da samfurin TCR. Hujjar Burrows ita ce ƙaramar kusurwa uku ta fi tauri, ta fi rashin nauyi, kuma dogon ƙarfen sirdi da ke fitowa waje yana ɗan lanƙwasa ya rage jijjiga. Akwai kuma hujjar kasuwa, wadda a ganina ita ta fi ƙarfi: maimakon girma goma ko fiye, kamfanin ya fito da uku kacal, ƙarami da matsakaici da babba, sauran a daidaita da sirdi da wuyan keke. Ƙungiyar tseren ONCE ta Sifen ta hau TCR ɗin a ƙarshen shekarun 1990. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta fara nuna ƙyama, daga baya ta amince, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu.

Wannan muhawara ta masu tsere ce, mutanen da doka ta hana kekensu ya gaza kilo 6.8, suke faɗa a kan 'yan giram. Karkatacciyar sandar ta iso gare mu ne ta ƙofar gwanjo, a daidai lokacin da babura irin su Jincheng da Bajaj suka ture keke gefe, 'yan kabu-kabu suka cika tasha. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sa mutane da yawa suka sake waiwayar keke, kuma yanzu zaɓi yana gabansu.

Ga manomin da kekensa jakinsa ne, har gobe miƙaƙƙiyar sanda ta ƙarfe ta fi. Tana ɗaukar kaya, kayan gyaranta suna ko'ina, idan ta tsage kowane mai walda a Maiyama zai like ta. Yawancin masu karkatacciyar sanda na alminiyam ne, wanda waldar bakin titi ba ta kamawa, kuma siririyar tayar tsere ba ta da amfani a yashi. Ga ɗalibi, da yarinya mai zuwa makaranta, da dattijon da gwiwa ta fara ciwo, karkatacciya ko saukakkiya ita ce daidai, kuma ya kamata masu shigo da kekuna su riƙa kawo masu ƙarfe irin wannan, da faffaɗar taya da kariya.

Mai sayen keken gwanjo ya kiyaye abu ɗaya. A da, mutum kan tsaya a kan sanda, in ƙafafunsa sun taɓa ƙasa ya san keken nasa ne. Wannan awo ba ya aiki ga karkatacciyar sanda, domin keken da ya fi ƙarfinka ma zai bar ka ka tsaya. Ka hau, ka kama kai, ka duba ko hannunka ya kai ba tare da ka miƙe baya ba, sannan ka leƙa mahaɗar walda ta wuya da ta gindin sirdi ko akwai tsaga, kafin ka biya kuɗi.