Gini na Wani, Suna na Wani: Nazari kan Rikicin Masu Otal da Kamfanonin Gudanarwa

Da tsakar daren Lahadi, 28 ga Agusta, 2011, wakilan kamfanin M Waikiki suka shiga otal ɗin Waikiki Edition da ke Honolulu a jihar Hawaii, suka canza makullai, suka sallami manajojin Marriott. Kafin hantsi otal ɗin mai ɗaki 353 ya koma The Modern Honolulu a hannun kamfanin Aqua. Baƙi sun kwanta a otal ɗaya, sun tashi a wani, alhali ba su motsa daga kan gadonsu ba. Waɗanda suka yi wannan kutse kuwa ba 'yan fashi ba ne, su ne masu ginin. A ranar nan dai, can a jihar Florida, masu wurin shaƙatawa na Turnberry Isle suka yi wa kamfanin Fairmont irin wannan sammako, suka raka manajojinsa har bakin ƙofa.

Yadda mutum zai shiga gininsa da dare kamar ɓarawo ba zai fahimtu ba sai an san tsarin da manyan otal-otal ke tafiya a kai. Sunan da ke saman ginin galibi ba na mai ginin ba ne. Tun a 1949 gwamnatin Puerto Rico ta gina Caribe Hilton da kuɗinta, ta miƙa wa Hilton ya tafiyar da shi a raba riba. Daga nan tsarin ya bazu, har a 1993 Marriott ya rabe gida biyu: Host Marriott ya riƙe gine-gine da basussukansu, Marriott International ya riƙe suna da aikin gudanarwa. Wanda ya san Abuja ya san misalin: Transcorp Hilton mallakar kamfanin Transcorp Hotels ne, Hilton gudanarwa kawai yake yi.

Yarjejeniyar da ke tsakanin ɓangarorin biyu doguwa ce, shekara 20 ko 30, wani lokaci ma fiye. Mai gini shi ke ciyo bashin banki, shi ke biyan albashi da gyare-gyare, asara ma tasa ce. Kamfanin gudanarwa shi ke ɗaukar ma'aikata, ya yanka farashin ɗaki, ya tsara kasafi, sannan ya cire ladansa: kaso na farko daga dukkan cinikin da aka yi, yawanci kashi 2 zuwa 4 cikin 100, kaso na biyu daga riba idan an samu. A nan tsamar take. Abin ya yi kama da direban da ake biya bisa yawan kuɗin da fasinja suka zuba, mai mota kuma na sayen mai da taya; direban ba shi da dalilin tausaya wa taya. Akwai sharuɗɗan da suka ba mai gini damar korar kamfani idan ya gaza, amma lauyoyin kamfanonin sun ɗaure su tamau. Sau da yawa sai otal ya faɗi gwaji biyu a lokaci guda, wato ya kasa cimma ribar da aka ƙiyasta kuma ya kasa kamo takwarorinsa na yankin, shekara biyu a jere, kuma ko hakan ta faru kamfanin na iya cike giɓin da kuɗinsa ya ci gaba da zama. Mai ginin da banki ke ƙwanƙwasa wa ƙofa ba ya da wannan haƙurin.

Ƙorafin masu Waikiki ya nuna wani ɓangaren. Otal ɗinsu, wanda aka buɗe a ƙarshen 2010, shi ne na farko a sabon sunan Edition da Marriott ya ƙirƙira tare da ɗan kasuwar otal Ian Schrager. Sun shigar da ƙara a New York a watan Mayun 2011, suna cewa an yi musu alkawarin suna mai rassa a manyan biranen duniya, sai ga shi ba a san sunan ba, ɗakuna babu kowa, asara ta kai miliyoyin daloli. Marriott ya musanta. A tsibirin Bali na Indunusiya kuwa kishiya aka yi wa mai gini: masu Ritz-Carlton Bali sun kai ƙara saboda kamfanin ya buɗe wurin shaƙatawa na Bulgari 'yan kilomitoci daga nasu. A 2008 masu taya alƙali yanke hukunci a wata kotun tarayya da ke Maryland suka ba su gaskiya, har da diyyar horo ta dala miliyan 10. A 2009 otal ɗin ya koma Ayana.

Abin da ya ba masu gini ƙarfin halin yin sammako shi ne wata tsohuwar ƙa'ida ta wakilci. A shari'ar Woolley da Embassy Suites, a 1991, kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta ce kamfanin gudanarwa wakili ne na mai gini, kuma wanda ya naɗa wakili yana da ikon tuɓe shi ko da takardar da suka sa wa hannu ta ce ba za a tuɓe shi ba. Iko dabam, haƙƙi dabam: idan ya tuɓe shi ba bisa ƙa'ida ba zai biya diyya, amma kotu ba za ta tilasta masa ci gaba da zama da shi ba. Togaciya ɗaya ce, wato idan wakilin na da rabo na haƙiƙa a cikin dukiyar da aka wakilta shi a kai. Hyatt ya gwada wannan ƙofa a kan wurin shaƙatawa na tsibirin St. John, yana cewa ya zuba sunansa da ƙwarewarsa, amma a 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce sa ran lada ba rabo ba ne a cikin dukiya. Ɗalibin fiƙihu ba zai ji wannan baƙo ba, domin malamai sun sanya wakilci cikin ƙulle-ƙullen da kowane ɓangare ke iya warwarewa, suka kuma togace inda haƙƙin wani ya rataya a kai, kamar wakilin da aka naɗa ya sayar da jingina. Da wannan ƙa'ida ce kotun tarayya ta Florida ta ƙi mayar da Fairmont cikin Turnberry Isle, duk da cewa ba ta yaba da salon korar ba.

Sai dai sammakon ba kullum yake cin nasara ba. A Waikiki wani alƙali a New York ya ba da umarnin a mayar wa Marriott otal, sai masu ginin suka garzaya kotun masu karayar arziki a ranar 31 ga Agusta suka nemi kariya a ƙarƙashin babi na 11 na dokar karayar arziki, wanda da zarar an shigar da shi duk wani yunƙurin karɓe dukiyar mai bashi yake tsayawa cik. Marriott bai koma ba, aka sasanta a 2012. A Eden Roc da ke Miami Beach, a watan Oktoban 2012, masu ginin sun zo da masu gadinsu amma manajojin Marriott suka ƙi fita, aka kira 'yan sanda, Marriott ya samo umarnin kotu na wucin gadi. Watanni biyar aka yi ana zaman doya da manja a gini ɗaya kafin kotun ɗaukaka ƙara ta New York, a watan Maris na 2013, ta soke umarnin bisa hujjar cewa yarjejeniyar gudanar da otal aiki ne na amana da basira, irin wanda ba a tilasta wa mutum karɓa.

A ganina hukuncin daidai ne. Alƙali ba zai iya zama yana duba kasafin kicin na shekara 30 ba. Amma yana da illar da ba a cika faɗa ba: tunda kotuna kan so su bar al'amura yadda suka same su har a gama shari'a, wanda makulli ke hannunsa da safe shi ke da rinjaye. Dokar, ba da niyya ba, tana saka wa mai saurin hannu. Kamfanonin ma ba su zauna ba. A 2004 jihar Maryland, inda hedikwatar Marriott take, ta yi dokar da ta fifita abin da yarjejeniyar otal ta ƙunsa a kan tsohuwar ƙa'idar wakilci, ta kuma ba kotu damar tilasta cika ta. Shi ya sa layin da ke faɗin dokar wace jiha za a bi ya zama abin ja-in-ja tun kafin a kafa harsashin gini.

Duk wannan tsakanin masu kuɗi ne. Baƙo ba ya cikin masu ƙara, ba ya cikin waɗanda ake ƙara, amma a kansa abin ke ƙarewa, kuma dalilin yana cikin yadda ajiyar ɗaki take a rabe. Gadon na mai gini ne. Sunan baƙon, ranar zuwansa, farashin da aka yi masa, lambar katinsa da buƙatunsa na musamman kuwa suna cikin kwamfutocin kamfanin gudanarwa, kuma kamfanonin kan ɗauki waɗannan bayanai a matsayin dukiyarsu. Idan aka rabu cikin lumana akan yi watanni ana miƙa su, ana rubuta wa kowane baƙo wasiƙa. Idan aka rabu da ƙarfe biyun dare, sai a tsinke layin. Sabon ma'aikacin teburin karɓar baƙi yana da makullan ɗakuna, amma mai yiwuwa ba shi da cikakken jerin masu zuwa mako mai zuwa. Ga matafiyi tsaye da akwatinsa, yana nuna lambar tabbaci a wayarsa, lambar da na'urar da ke gaban ma'aikacin ba ta sani ba. A shari'ance kuma sau da yawa cinikin da ya ƙulla ba da sunan da ya sani ya ƙulla ba: wakili ne ya karɓi kuɗinsa a madadin wani kamfanin da bai taɓa jin sunansa ba.

Wanda ya biya da tsabar kuɗi yakan sami ɗakinsa, domin sabon mai gudanarwa na neman ciniki ruwa a jallo. Wanda ya biya da makin da ya tara shi ne a tsaka mai wuya. Makin ba kuɗi ba ne a wurin mai gini. Asusun kamfanin ne ke biyan otal wani abu a kan kowane daren da aka kwana da maki, kuma ranar da aka yanke hulɗa wannan bututun ya toshe. Haka ƙarin girman ɗaki da karin kumallo na kyauta da aka yi wa tsohon abokin ciniki alkawari, duk sun bi sunan sun tafi.

Wuraren shaƙatawa sun fi otal-otal na cikin gari jin jiki. Ɗan kasuwar da ya tarar da rikici a tsakiyar birni zai tsallaka titi ya kama wani ɗaki. Mai zuwa tsibiri ya sayi tikitin jirgi tun watanni shida, ya karɓi hutu a wurin aiki, ya zo a lokacin da ko'ina ya cika. Bukukuwan aure da manyan taruka, waɗanda su ne ƙashin bayan cinikin irin waɗannan wurare, akan kama su shekara guda ko fiye kafin lokaci, da kafin alƙalami mai tsoka. Masu shirya su da kamfanonin yawon buɗe ido ba sa jiran hukunci. Da sun ji ƙishin-ƙishin sai su karkatar da jama'arsu. Wannan ya sa ɓarnar takan riga shari'a: a wurin shaƙatawa na Aviara da ke Kalifoniya an fara takun saƙa tsakanin masu gini da Four Seasons a farkon 2009, amma sai a tsakiyar 2010, bayan hukuncin masu sasanci, wurin ya koma Park Hyatt. Fiye da shekara guda amarya ba ta san sunan da za ta buga a katin gayyata ba. A irin wannan tsakani mai gini kan riƙe kuɗin gyara, ƙwararrun ma'aikata kan nemi wani wuri, baƙo kuma ya biya farashin da aka saba ya tarar da tawul da kafet sun gaji. Idan kuma abin ya kai ga karayar arziki, dokar Amurka ta ba kafin alƙalamin mabukaci ɗan fifiko har wani ƙayyadadden adadi, amma bankin da ke riƙe da jinginar ginin yana gabansa.

Kariyar da matafiyi ke samu ba daga shari'ar masu gini da kamfanonin gudanarwa take zuwa ba, daga hanyar da ya bi ya biya take zuwa. A Tarayyar Turai, dokar 2015 kan tafiye-tafiyen da aka haɗa jirgi da masauki ta ɗora alhakin kan kamfanin da ya shirya tafiyar, kuma idan an yi babban sauyi matafiyi na iya fasawa a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14. A Birtaniya, sashe na 75 na dokar bashin mabukata ta 1974 ya sa kamfanin katin bashi ya zama abokin alhaki a cinikin da ya wuce fam 100 har zuwa fam 30,000. Wanda ya tura wa otal kuɗi kai tsaye ta banki ba shi da ko ɗaya daga cikinsu.

An ga bambancin nan a fili a watan Nuwamban 2025, a rikicin da ya zo ta ɗaya gefen, inda mai suna ne ya janye. Tun Agustan 2024 kamfanin Sonder, mai dubban ɗakuna a gine-ginen haya, ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 don a riƙa sayar da ɗakunansa ta shafin Marriott. A ranar 9 ga Nuwamba Marriott ya soke ta, yana cewa Sonder ya saɓa sharuɗɗa. Kashegari Sonder ya sanar da rufewa. A wannan karo babu mai gini da ke jira a ƙofa da sabon kamfani, don haka aka ce wa baƙin da ke tsakiyar zamansu su kwashe kayansu, wasu cikin 'yan sa'o'i. Da yawansu sunan Marriott suka gani suka biya, amma ɗakunan da makullansu na Sonder ne, neman kuɗinsu kuma ya koma tsakaninsu da shafin da suka bi da bankin da ya ba su kati.