Dam ɗin Tiga da Rigimar Mutanen Gabas

Kogin Kano ya faso ne daga duwatsun kudu, ya ratsa dajin Falgore da ƙasar Tudun Wada, ya gamu da Challawa, sa'an nan ya miƙa gabas da sunan Kogin Haɗeja. Tun zamanin kakanni, in damina ta yi tsaka sai ya cika ya batse, ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, ya bar musu laka. Da wannan ambaliya mutanen can suke rayuwa: manomi ya shuka shinkafa, masunci ya yi su, in ruwa ya janye Bafillace ya kawo shanu.

Cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama ginin dam a Tiga, ƙasar Bebeji. Ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki, aka ta da mutanensu aka sake musu mazauni. Amfaninsa kuwa ba mai musu, gama da shi Kadawa da Kura suka sami alkama da tumatir da rani, birnin Kano ya sami na sha. Cikin 1992 aka ƙara wani dam a kan Challawa.

Amma abin da aka tare wa na tudu, daga bakin na gangare aka ɗauke shi. Haka ya faru a Ikko, inda aka jera duwatsu cikin teku tsakanin 1908 da 1912 don jiragen ruwa su sami mashiga. Yashin da igiyar ruwa takan kora gabas ya taru a yamma, teku kuwa ta shiga cin gaɓar gabas.

To, a Haɗeja abin ya zo da fuska biyu. Babbar ambaliyar da takan wanke hanyoyin ruwa ta ragu, ga kuma ruwa ana sakowa kaɗan-kaɗan har cikin rani. Sai laka ta kwanta, kacalla ta tsiro a kanta ta toshe kogi, tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya suna cin hatsi. Ruwa ya karkata ta Marma zuwa Nguru ya shanye gonakin waɗansu, na wajen Gashuwa kuwa suna kukan ƙaranci. Wannan gari ya haƙa hanya ya ja ruwa, wancan ya datse don ya kāre gonarsa, kowa na ganin maƙwabcinsa ne ya cuce shi, alhali mabuɗin yana can Tiga. Makiyaya ma da manoma suka shiga tsama a kan 'yar fadamar da ta rage.

Saboda haka da Bauchi ta matsa a gama dam ɗin Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, Yobe da Barno suka ce ba su yarda ba, sun ga abin da ya sami Haɗeja. Sai cikin 2006 jihohi shida masu rabo a ruwan nan suka taru a Damaturu, suka kafa asusu na gyaran kogunan.