Daga Motar Kara Zuwa Mutum-mutumin Kwali

A shekarar 2022 jaridun Najeriya suka ɗauko labarin Isah Auwal Barde, wani matashi ɗan shekara 17 a Kano, wanda ya haɗa mutum-mutumi da kwali, bututu, wayar tagulla da ƙananan injinan lantarki. Shekara biyu ya yi yana aikin. Yakan ɗaura na'urar sarrafawa a jikinsa, in ya ɗaga hannu mutum-mutumin ya ɗaga nasa. Jama'a suka yi ta mamaki kamar abin daga sama ya faɗo, alhali yana da asali.

Asalin yana bakin gona. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, ko a Garwa da kewayenta, ya san motar kara. Bayan girbi yara kan ɓare karan dawa, su yanka totuwar gunduwa-gunduwa, su soke ta da tsinken ɓawon har mota ta tashi da ƙofa da taya. A nan yaro ke koyon awo, domin in gefe ɗaya ya fi tsawo motar ba za ta tsaya daidai ba, kuma abokai ba sa rufa asiri. Da gwangwanin madara da waya suka wadata, sai aka koma motar langa-langa, ana yanko tayoyi daga tsohon silifa. Da yawanmu mun sha faɗa a kan silifan da ba su gama mutuwa ba.

Zuwan rediyon kaset ya ƙara wani abu: a cikin kowace matacciyar rediyo akwai ɗan injin da batir ke juyawa. Yaron da ya ciro shi ya manna wa motarsa ya daina ja da zare.

Wasu ba su tsaya nan ba. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota. Ya tashi, ko da yake bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Wasu sun yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba: jirgin 'yan'uwan nan biyu na Amurka, su Wright, daƙiƙa 12 kawai ya yi a sama a tashinsa na farko a 1903, kuma masu gyaran keke ne.

Tsakanin jirgin Mubarak da mutum-mutumin Isah shekara 15 ne, amma kayan aikin ba su sauya sosai ba: abin da wani ya yar, da abin da kuɗin aljihu zai iya saya a wurin 'yan gwangwan.